Daren da Barira Ta Ƙirga 'Ya'yan Kaza

Ke Jummala, sauke hannunki. Na ce ki sauke shi. Me kike ƙirgawa a sama, gadon gidanku ne? Ku matso nan kan tabarma dukanku, ku rage murya. Ba tatsuniya zan yi muku ba, don haka kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta. Wannan ta riga ta zo, kuma a gidan wadda kuka sani ta sauka.

Kun san Gwaggo Barira ta Birnin Kudu. Doguwar nan mai aiki a asibiti, ɗakin da ake ɗaukar hoton ƙashi. Kun san halinta. In ta ce eh, ko unguwa ce ta taru a kanta ba ta komawa a'a.

To a bayan gidansu, tsakanin rijiya da rumbu, tana da wani farin bututu mai kaurin bokiti, a kan ƙafafu uku na ƙarfe. Madubin hangen nesa ne. A gindinsa ta ɗaura kamara, waya ta fito daga kamarar ta shiga kwamfuta. Akwai wani ɗan inji a jikinsa mai gurnani ƙasa-ƙasa, shi ke juya bututun a hankali yana bin taurari, don sama ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Abin da take farauta a can sama ba ya ganuwa da ido sosai, haskensa ya yi rauni. Sai ta buɗe kamara ta bar ta tana shan haske, hoto bayan hoto, dare bayan dare. In sun yi yawa, kwamfuta ta ɗora su kan juna har hasken ya taru ya fito. Kamar dai mai tarar ruwa a bakin indararo lokacin yayyafi. Aikin masu haƙuri ne, ita kuwa ba ta da haƙuri da mutane, amma da sama tana da shi.

Unguwa ba abin da ba a ce ba. Wasu suka ce leƙen gidajen mutane take yi. Wasu suka ce da mutanen ɓoye take hira. Har mai unguwa ya zo da kansa zai yi mata faɗa. Ta kama hannun rigarsa ta sa idonsa a madubin, ta nuna masa ramukan jikin wata. Mutumin ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago ya gyara hularsa ya fita, bai ko yi sallama ba.

Ita da mahaifinta ne kawai a gidan, Malam Isiyaku, tsohon manomi. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake kiranta Uwata. Shi ya fara nuna mata Kaza da 'ya'yanta tun tana ƙarama, taurarin nan ƙanana da ke cure wuri ɗaya, waɗanda Jummala take nunawa da yatsa yanzu. Da su yake gane lokaci. In sun ɓuya a yamma ya ce a gyara fartanya, damina na tafe. In sun fara fitowa da wuri ta gabas ya ce kaka ta zo. Kuma duk ranar da ya fara ganinsu a shekara sai ya cire hula ya ce, “Tubarkalla. A gaishe da Kaza.”

Sai hawan jinin ido ya kama shi. Ciwon nan ba ya zuwa da ihu. Daga gefe yake cin gani, yana tsukewa, yana tsukewa, har mutum ya zama kamar mai leƙe ta hudar makulli. Likita ya gaya wa Barira a gefe cewa ɗan abin da ya rage ba zai kai wata damina ba.

Wata rana bayan isha'i suna zaune a tsakar gida, tsohon ya ɗaga kai yana laluben sama da ido. Ya daɗe.

“Uwata, Kaza ta fito kuwa bana?”

“Ta fito, Baba.”

“Af. Ni ban gan ta ba.” Ya mai da hularsa da ya riga ya cire. “To ki gaishe ta.”

Barira ta tashi ta shiga ɗaki ta yi kukanta, kuka mai zafi, ba wanda ya ji. Da ta fito ta riga ta yanke shawara. Tsohon nan yana iya ganin abu in yana da haske sosai kuma an kawo masa dab da fuska. To za ta sauko masa da Kaza. Za ta ɗauke ta babba, tas, ta sa masa a gaban ido kafin ƙofar ta rufe. Wannan kawai take so a duniya.

Ruwan ƙarshe ya wanke sama, ba hadari, ba hazo. Duk unguwa in an ɗauke wuta sai tsaki, ita kaɗai ce ke cewa alhamdulillahi, don hasken ƙwan lantarki shi ne abokin gabarta. Ta naɗe tocilarta da jar leda. Ta dinga tarawa, dare bayan dare, ga sauro, ga raɓa, da safe kuma ta tafi aiki ido jajur.

To ranar da abin ya faru, aikin ya kusa kammala. Ta ce bari ta gwada ta ga abin da ya taru. Ita kwamfutar nan tana da wata ɗabi'a. Kafin ta haɗa hotuna sai ta bi taurarin ɗaya bayan ɗaya ta zagaye kowanne da ɗan da'ira, sannan ta rubuta adadinsu a kusurwa. Ku da ido 'yan kaɗan kuke gani a jikin Kaza. Barira ta ga allon ya cika da da'irori, maƙil. Murna ta kama ta. Ta ɗora yatsa a kan allon, ta karanta adadin da ƙarfi, ita kaɗai a cikin duhu.

Nawa ne? Ba zan faɗa ba. Kada ku sake tambayata.

Ta faɗi adadin, kuma ba ta ce tubarkalla ba.

Gyare suka yi shiru. Kwaɗin bakin rijiya ma suka yi shiru. Ba abin da ke motsi sai ɗan injin nan yana gurnaninsa. Ta ji, amma ta ce sanyi ne ya sauko.

Saura aiki guda. Masu wannan harka in sun gama ɗaukar haske, sai su rufe bakin bututun da murfi su ci gaba da ɗauka. Hoton duhu suke ce masa. Baƙi ƙirin yake fitowa, ba komai a ciki. Barira ta rufe murfin, ta murɗa shi da kyau, ta koma gaban allo.

Na farko ya fito baƙi.

Na biyu baƙi.

Na gaba ya fito da ido a tsakiya. Ido guda, zagayayye, da zobe ruwan goro kewaye da baƙin. Ta duba murfi, a rufe yake gam. Ta dawo ga allon. Idon ya ƙifta, amma daga ƙasa fatar ta taso ta rufe shi.

“Gafara dai, masu gida.”

Ƙofar gida a kulle take, makullin na ɗaure a bakin zanenta. Ta juya a hankali da jar tocilarta.

Wata tsohuwa ce tsugune a gindin rumbu, ƙarama, da ƙwarya a cinyarta. Ba ta duban mutum gaba da gaba. Sai ta karkata kai ta dube ka da ido ɗaya, sannan ta juya ta dube ka da ɗayan. Barira ta sauke hasken ƙasa. Zanen tsohuwar bai rufe ƙafafunta ba. Yatsu uku a gaba, dogaye, masu ɓawo, ɗaya a baya. Tana tonon ƙasa da su, tana watsa ta baya.

Barira ta tsorata, ba zan ɓoye muku ba. Ta kama Ayatul Kursiyyu. Tsohuwar ta sunkuyar da kai ta jira har ta kai ƙarshe.

“Madalla,” in ji ta. “Ni ma na iya. Ba cuta na zo yi ba, yarinya. Hakki na zo karɓa.”

“Wane hakki, Iya?”

“Ke ce kika ƙirga mini 'ya'ya.”

Nan tsoron Barira ya fara komawa haushi. Kun san ta.

“Taurari na Allah ne. Ba naki ba ne.”

“'Ya'yan kowa ma na Allah ne. Kin taɓa shiga gidan mutane kin jera musu yara kina nuna su da yatsa, kina ɗaya, biyu, uku? Kin taɓa tambayar wata mata 'ya'yanki nawa, ta ba ki amsa?”

Barira ta san ba a yi. Uwarta ta taɓa make mata baki a kan haka.

“Kiwonsu aka ba ni,” in ji tsohuwar. “Tun kafin a haƙa rijiyar nan nake yi. Mutane na duban su, suna ganin 'yan manyan, su wuce. Ke kika tono har na ƙarƙashin fiffike, kika ƙirge su, kika faɗa da baki, ko albarka ba ki sa ba. Baki ya kama guda. Tana can tana dushewa.”

“To me kike so?”

“Ki goge. Duk abin da kika tara, ki goge shi. Ki kwantar da bututun nan, kada ya sake duban sama. Abin da ba a ajiye ba kamar ba a ƙirga ba ne.”

“In na ƙi fa?”

“Sai a biya da haske.” Ta karkata kai wajen ɗakin tsohon. “Akwai ɗan ragowa a can. Ba yawa, amma zai ishe ni.”

Daga cikin ɗakin Malam Isiyaku ya yi tari, ya juya a kan gado.

Ku ji abin da ke gabanta. In ta goge, sama ba za ta sake ba ta irin waɗannan darare ba kafin idonsa ya rufe, kuma an ma hana ta ɗaga bututun. In ta ƙi, a daren nan za a kwashe ɗan ganin da take yi wa wahalar. Ko ta ina, Baba ba zai ga Kaza ba.

Ta taka, ta je ta tsaya tsakanin tsohuwar da ƙofar ɗakin.

“Ba zan goge ba,” ta ce. “Kuma ba za ki shiga ɗakin nan ba.”

Tonon ƙasar ya tsaya.

“Laifi na yi, na karɓa. Amma bakina ne ya faɗa, ba nasa ba. Idona ne ya gani. Ki ɗauka a wurina.”

“Duka?”

“Gwargwadon abin da na ɓata. Ke kika ce hakki kika zo karɓa. In kin ƙara ko ƙwayar gero, kin zama ɓarauniya, kuma sai mun tsaya gaban Wanda ya ba ki kiwon.”

Tsohuwar ta dube ta da ido ɗaya. Ta juya ta dube ta da ɗayan. Wani ɗan sauti ya fito daga maƙogwaronta, ba a san ko dariya ba ce.

“Na yarda. Matso.”

“Ki jira tukun. Ban gama hoton duhu ba. Kuma ki cire idonki daga cikin bututuna, kina ɓata mini aiki.”

Wallahi haka ta ce mata. Kuma abin mamaki, tsohuwar ta jira. Barira ta koma gaban allo. Hotuna suka ci gaba da fitowa baƙi ƙirin, yadda ya kamata. Tsohuwar ta matso, ta tsuguna kusa da ita tana leƙe. Jikinta na warin akurki bayan ruwan sama.

“Me ake yi da hoton duhu?”

“Kamara tana da nata dattin. In na ɗauki duhun shi kaɗai, sai in cire shi daga hoton, hasken ya fito tas.”

“Wa za ki kai wa?”

“Babana. Idonsa na rufewa. Shi ya nuna mini su. Duk shekara sai ya cire hula ya gaishe ku.”

Tsohuwar ta juya ta dubi ɗakin tsohon.

“Na san muryar,” ta ce. “Bana ban ji ta ba.”

Hoton ƙarshe ya fito. Barira ta rufe kwamfutar, ta miƙe, ta gyara ɗaurin zanenta.

“Na gama.”

“Ɗaga kai ki dube su.”

Ta ɗaga. Suna tsakiyar sama a lokacin, a cure, suna ƙyalli. Ta ƙura musu ido yadda mutum ke duban wanda zai yi tafiya. Ta ce tubarkalla, ko da yake ta makara. Sai ta ji tsakura biyu, ɗaya a kowane ido, mai sanyi, ba zafi. Ta ji wani abu ya faɗa cikin ƙwarya, ƙas, ƙas.

Da ta buɗe ido, ga sama nan cike da taurari, kowanne a wurinsa. Inda Kaza take kuwa, wayam. Wani ɗan fili baƙi, kamar an sa babban yatsa an rufe.

Ta sauke kai ta ga tsohuwar a bakin ƙofar ɗakin Baba. Ta yi kukan kura za ta cafke ta, tana cewa ba haka muka yi ba. Hannunta ya kama iska. Gyare suka ci gaba da kukansu. Da gari ya waye ta ga sawun yatsu uku daga gindin rumbu zuwa bakin ƙofar, daga nan bai tafi ko'ina ba.

Ta shiga da gudu ta tashe shi. Ya gane fuskarta. Ɗan ganinsa na nan.

Sai haɗa hoto. Nan ne ta gane ashe ba a sama kaɗai aka ɗauke mata su ba. A allon ma taurarin gefe take gani, tsakiya baƙi. Haka ta yi aikin da ka, tana ƙara haske, tana ragewa, ba ta san ko ya yi kyau ko ya lalace ba. Ta rufe tagar ɗakinsa da bargo, ta zaunar da shi, ta kawo allon dab da hancinsa.

Tsohon ya ƙura wa allon ido. Yana motsa kai a hankali, yana bi da 'yar hudar da ta rage masa, daga wannan gefe zuwa wancan. Barira na kallonsa. Sai ta ga hannunsa ya tashi ya cire hula.

“Tubarkalla,” ya ce. “Ashe haka kike da zuri'a. Ashe shuɗin mayafi kika lulluɓe su da shi.” Hawaye na bin gemunsa. “Uwata, kin ga wata 'yar ƙarama nan gefe? Ita ta fi duka haske.”

“Na gani, Baba.”

Ba ta ga komai ba.

Kafin ruwan farko idonsa ya rufe ruf, kamar yadda likita ya ce. Bai ƙara ganin fuskarta ba, bai ƙara ganin rana ba. Barira ta ce a ranta ba komai, an yi abin da aka yi domin shi.

Sai wata rana da hantsi, tana ba shi koko, ya miƙa yatsa wajen katanga, ƙasa-ƙasa, ya ce, “Ga Kaza can za ta fito.” Ta ɗauka ruɗin tsufa ne. Amma ta buɗe taswirar sama a kwamfuta ta duba. Daidai inda yatsansa yake, nan suke, a bayan katanga, cikin hasken rana inda ba mai iya ganinsu. Ta gwada shi da azahar. Ta gwada shi da dare, lokacin da suke ƙarƙashin ƙasa, ya nuna mata daɓen ɗaki. Bai taɓa kuskure ba. Duk duniya ta yi masa duhu, su kaɗai aka bar masa. Abin da tsohuwar ta ajiye a bakin ƙofa ke nan.

Da kaka ta zagayo, ta fito da bututun. Eh, ta fito da shi, ai ba ta yi alkawarin kwantar da shi ba. Tana ta lalube a sama, tana juya shi nan da can, tsohon na zaune yana jin motsinta.

“Uwata.”

“Na'am, Baba.”

“Ke ba kya ganinsu, ko?”

Ta sauke hannunta daga bututun.

Bai tambaye ta dalili ba, har yau. Ya ce ta kawo masa kujera kusa da ƙafafun ƙarfen. Ya zauna, ya ɗaga hannu ya nuna. Ta kwantar da kumatunta a kafaɗarsa, ta bi tsawon hannun da ido har ƙarshen yatsa, ta saita bututun a kan baƙin filin nan. Kamara ta fara sha.

Haka suke yi duk shekara. Shi yana gani ba ya iya ɗauka, ita tana ɗauka ba ta iya gani. Hoton da ke rataye a falonsu, wanda kuka tsaya kuna kallo ranar sallah, ba ta taɓa ganin abin da ke cikinsa ba. Kusurwar allon da adadi ke fitowa kuwa ta manne ta da baƙin salatif. Wani lokaci da safe sukan tarar da sawun yatsu uku a gefen kujerar tsohon. Barira takan share, ta ce in baƙuwar tana son kallo ta zo, amma kada ta taɓa mata murfi.

Tun daga daren nan dai ba ta sake zama a bayan gida ita kaɗai ba. Ku ma kada in ga wanda ya fita shi kaɗai ya zauna ƙarƙashin sama yana nune-nune. In kun ɗaga kai kun gan su, ku ce tubarkalla ku sauke.

Jummala, nawa kika kai kafin in tsayar da ke? A'a, rufe bakinki. Kada ki faɗa.